Ruwan Jego a Gidan Yari

Mijina shi ne Yari a Birnin Gwari a wancan zamani, mai tsaron waɗanda alƙali ya ce a tsare. Maza suna ɗakin bayan zaure. In mace ce kuwa, sai a turo mini ita cikin gida, ba mai tambayata ko ina so. Yawancinsu masu faɗan bakin rijiya ne, su kwana biyu su cinye mini tuwo su tafi.

Wadda ba na mantawa ita ce wata matashiya daga wajen Kuyello. Ran kasuwa ta ga jaririn wata mai daddawa kwance a tabarma, ta ɗauka ta goya, ta kama hanya abinta. A ƙofar gari aka kama ta. Lokacin ana satar yara ana sayarwa, don haka da ƙyar dogarai suka ƙwace ta daga hannun mutane. Alƙali ya ce a sa mata marin ƙarfe a ƙafa, a tsare ta har tsayuwar wata. In ta tabbata ɓarauniyar yara ce, ba za ta sake ganin gida ba.

Ni ma tsoronta nake ji. Ba ta ci, ba ta magana, sai ta fuskanci bango tana jijjiga tana bubbuga bayanta da babu kowa a kai. Rana ta uku na kai mata kunu, na ga gaban zanenta ya jiƙe sharkaf da nono, ƙafafunta sun kumbura har marin ya shige cikin fata. Na aika aka tambayi masu zuwa Kuyello, aka ce ai haihuwa ta yi, ɗan ya koma kafin suna. Dangin mijin suka ce tunda babu jariri, ba sai an ɓata itace a wankan jego ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mace ta haihu a bar ta da ɗanyen jiki, sannan a yi mamaki don kanta ya juye?

Na sami maigida na ce a kira maƙeri ya cire marin, wanka zan yi mata.

Ya ce, "Kin san in ta gudu, ƙafata za a sa wa ƙarfen nan?"

Na ce, "Na sani, Malam. Sai na riƙa kai maka kunu."

Bai yi dariya ba, amma da la'asar maƙeri ya zo.

Wankan jego safe da yamma yana cin itace, ni kuwa ba ni da shi. Na bi gidajen unguwa ina roƙo. Wasu suka ce ɓarauniya zan yi wa gata? Amma washegari matan Gwari uku suka sauke mini itace daga kafaɗa, alhali a makon ana ta maganar mahara a daji. Wata Bafulatana ta kawo man shanu. Ungozomar unguwa ta zo da ganyen runhu, ta ce ita za ta riƙa fyaɗa mata ruwan. Liman ya aiko da rubutu, muna zuba mata a kunun kanwa.

Duk kwanakin nan hankalina bai kwanta ba. Jariri ya yi kuka a maƙwabta, sai ta miƙe zumbur, ni ma in miƙe in tare ƙofa. Wata rana da hantsi ina daka, na waiga ban gan ta ba. Na yar da taɓarya, na duba zaure, na duba bakin rijiya. A bayan rumbu na same ta durƙushe tana kuka, kukan da ba ta yi ba tun zuwanta.

Ta ce, "Inna, ba su bar ni na ga inda aka sa shi ba."

Daga ranar ta fara cin abinci, har tana taya ni tankaɗe.

Da wata ya tsaya aka kai ta gaban alƙali. Ungozoma ta faɗi abin da ta gani a jikinta, liman ya ƙara da nasa. Alƙali ya ce wannan ciwo ne, ba sata ba, amma ba zai sake ta ba sai wani ya karɓe ta, ya ɗauki alhakin duk abin da ta yi nan gaba. Aka nemi mijinta, ashe saki ya aiko da shi. Aka nemi danginta, babu ko ɗaya. Na ji bakina ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni zan riƙe ta." Maigida ya harare ni, sannan ya ce ya yarda.

Shekara tara ta yi a gidana, ba ta sake taɓa ɗan kowa ba. An haifa mini jikoki huɗu a gabanta. Ita ke wanke musu tsumma, ita ke dama musu koko. Ban taɓa miƙa mata ɗaya ta goya ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, har ta rasu.