Kwanson Harsashin da Muka Sace wa Baba

Wata Laraba ce cikin zafin bazara, shekarar da nake aji biyar a lekol, wato makarantar boko, Baba ya dawo gida tsakiyar aiki. Ina tsugune a bakin famfo ina wanke kwanukan rana, sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gidanmu a unguwar Pumpumre ta Garwa. Ya shigo da jaka a kafaɗa, bindigarsa naɗe cikin tsohon bargo, ya yi sallama ƙasa-ƙasa kamar baƙo. Inna ta saki rariyar da take tankaɗe da ita. Duk mun san ba ya barin daji sai ruwan farko ya sauka an rufe farauta, ga shi ko hadari ba a fara gani a Garwa ba. Sai da ya sha ruwa moɗa biyu kafin ya ce da Inna an sallame shi.

Baba mai bin sawu ne a wani sansanin farauta a dajin wajen Colire. Turawa ke zuwa da rani su harbi namun daji, shi ke gaba yana karanta ƙasa, shi kuma ke tsaye a gefe da bindiga ko da dabba za ta juyo. Bindigar tasa ce ta kansa, da takardarta ta hukuma, shekara biyar tana hannunsa. A makon nan wata ɓauna da aka ji wa rauni ta taso musu. Baba ya harba sau ɗaya, ya ja sakatar bindigar don ya fitar da kwanson harsashin ya tura wani, kwanso ya maƙale. Kafin abokin aikinsa ya kayar da ɓaunar, Baturen da suka raka ya faɗa rami ya karya ƙafa. Patoro, wato mai sansanin, ya ce a gaban ma'aikata duka Baba ba ya kula da bindigarsa, ya bar ta ta yi tsatsa, kuma zai gaya wa sauran sansanoni kada wanda ya ɗauke shi.

Wannan maganar ta fi korar yi masa ciwo, mu ma ta yi mana, don mun san ƙarya ce. Ko da damina, da ba ya aiki, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ya jera tsumma da mai da dogon tsinken ƙarfe, ya kwance bindigar nan gaɓa-gaɓa. Kaji ma sun san ba a ratsa tabarmar. "Ba a tsallake ta, ba a nuna ta ga mutum, ko da babu komai a ciki," haka yake faɗa mana kullum. A lokacin warin man nan daɗi yake mini.

Washegari Kawu Buba maƙeri, maƙwabcinmu mai gyaran bindigogin toka, ya zo jaje. Ya duba ya ce ɗan farcen ƙarfen da ke cafko kwanso ne ya cinye, a ba shi zarto kafin la'asar ya gyara. Baba ya gode masa ya ƙi. Ya ce in zarto ya taɓa wurin, bindiga za ta gyaru amma shaidarsa ta tafi, don ƙarfe mai kyau ba ya cinyewa haka cikin shekara biyar. Baba ya tafi wurin mai shagon bindigogi na cikin gari, mutumin ya gaya masa kamfanin da ya ƙera ta a Turai yana karɓar gyara, ana aikawa ta Duwala da takardun jandarma, sai dai a haɗa da wasiƙa da duk abin da zai nuna yadda lalacewar ta faro. Baba ya dawo fuskarsa a sake, ya ce yana da shi.

Ashe duk harsashin da ya taɓa harbawa sai ya tsince kwansonsa ya taho da shi gida. Yakan sa ƙusa ya ja layi a jiki, layi ɗaya na shekarar farko, biyu na ta biyu, ya zuba a gwangwanin madara, kowace shekara da nata, ya tura ƙarƙashin gado. Abin da bai sani ba shi ne, ni na daɗe da gano gwangwanayen can ciki, waɗanda ba ya leƙawa. Kwanson harsashi abin wasa ne da babu irinsa. In ka ɗora shi a leɓe ka hura, yana ƙara fiye da usur ɗin metir, malaminmu na lekol. Da shi muke carafke maimakon tsakuwa, shi ne turmin 'yan tsananmu, shi nake bayarwa a lekol a ba ni goruba ko a share mini layina ranar shara. Da Baba ya jawo gwangwanaye ukun farko ya buɗe, ƙwaya huɗu kacal ya samu.

Bai kira kowa ba. Ya zauna bakin gado da gwangwani a hannu, ni kuwa ina laɓe jikin ƙofa. Da na shiga na faɗa masa, na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ya ce, "Balki, kin san inda suke?" Na ce na san wasu. Ya ce, "To, sunana yana cikin aljihun ƙawayenki. Je ki karɓo mini."

Kwana tara na yi ina yawo, da safe kafin lekol da yamma bayan ɗiban ruwa. Aisatu ba ta ba ni nata ba sai da na bar mata ribom ɗina ja na ɗaure kitso. Rifkatu, 'yar maƙwabtanmu da suka zo daga ƙauyukan kan dutse, ta ce mamarta ta ɗinke su a bakin labulen ƙofa don kada iska ta riƙa ɗaga shi. Na je ina in-ina, matar ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauko reza ta farke labulen da kanta, ta ce in gaishe da Baba. Na kwance biyu daga wuyan akuyar Kawu Buba, yana kallona yana cewa da an bar shi da zartonsa da akuyarsa ba ta rasa ƙararrawa ba. Wani tsoho mai sayar da goro ya mayar da ɗaya battar taba, sai da na samo masa kwalbar turare kafin ya saki. Metir ɗinmu ya buɗe durowarsa ya juye mini duk waɗanda ya ƙwace a aji, da ya ji dalili kuma ya ce shi zai duba mini wasiƙar.

Ranar da Baba ya jera su a tabarma, daga mai layi ɗaya har mai layi biyar, ni ma da idona na gani. Gindin na farko sumul yake. Daga na biyu wani ɗan ƙarzane ya fara bayyana a gefe, yana ƙara zurfi shekara bayan shekara, har na ƙarshe da gefensa ya yage. Baba ya faɗi magana da Hausa, na rubuta da Faransanci a tsakiyar kayena, littafin rubutuna na lekol, metir ya gyara, na sake kwafewa da biron bik sau uku. Baba ya dage sai na fara da gaishe da mutanen kamfanin da aiki da iyali da sanyin ƙasarsu. Metir ya so ya soke, daga baya ya bari.

Aka aika bindigar da wasiƙar da kwanson, daga nan sai jira. Damina ta sauka, Baba ya ɗauki fartanya muka koma gonar masara da gyaɗa a bakin Binuwai, ni ina korar tsuntsu ina kai abinci. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka samu abin tsokana, kullum sai an tambaye shi ko Turawa sun aiko da gaisuwa. Kawu Buba yakan ce wanda ya mayar wa mai abu abinsa ai kyauta ya yi. Baba sai murmushi, amma na sha ganinsa ranar Juma'a yana shimfiɗa tabarmar nan ya zauna hannu wofi.

Muna cikin cirar gyaɗa mai shago ya aiko. Baba ya dawo da dogon akwati, kafin ya kai ƙofar gida rabin unguwa na biye da shi. An sa wa bindigar sabuwar sakata, ba a karɓi komai ba, ga kuma wasiƙa. Ya miƙo mini ita a gaban mutane, na karanta ina fassarawa. Sun ce kwanson da aka jera ya nuna musu komai, ƙarfen farcen bai sha wuta yadda ya kamata ba tun daga masana'anta, laifin nasu ne, suna neman afuwa. Sun ce cikin bindigar tas yake, da wuya su ga wadda aka riƙe haka. A ƙasa kuma sun amsa gaisuwar iyali. Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Kawu Buba ya juya bindigar a hannunsa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Malam, na janye zartona." Mako biyu bayan an kai wa patoro wasiƙar, da kansa ya zo har Pumpumre, ya cire hularsa a zaurenmu, ya ba Baba haƙuri, ya ce zai maimaita maganar a gaban ma'aikatan da suka ji ta farko. Ya kuwa maimaita. Baba ya ƙara shekara bakwai a dajin, har idonsa ya fara gajiya ya miƙa bindigar ga hukuma.

Yau sati uku ke nan da 'yan fashi suka tare motarmu a hanyar Colire, da rana tsaka. Suka kwantar da mu rubda ciki a kan kwalta, ɗaya ya ɗora mini bakin bindiga a bayan kunne. Na ga gefenta, duk tsatsa, an ɗaure ta da robar taya. Sun kwashe kaya sun bar mu da rai, amma har yanzu in murfin tukunya ya faɗi sai na zabura. Baba yana zaune a tsakar gida yana sauraron rediyo, ya ce in rubuta abin da zai kwantar mini da hankali, wannan kuwa shi ya zo mini. Na tashi a gidan da mutum ya yarda ya yi damina guda ana masa dariya don kada a ce ya yi sakaci da abin da ke kisa. Ina kewar lokacin da duk mai bindigar da na sani yana da sunan da yake tsoron ɓatawa.