Teburi na Huɗu

Glenda Rasnick ta shekara ashirin da uku a teburi na huɗu, a wani sito da ke bayan garin Groveport. Kamfanin ba ya sayar da komai nasa. Masu haja ne ke kawo kayansu a ajiye musu, in wani ya saya ta intanet a ciro, a sa a kwali, a manna adireshi, a loda wa motar da ke zuwa ƙarfe huɗu. Sawa a kwalin shi ne aikin Glenda.

Kwali iri goma sha ɗaya ne a siton, kowanne da lambarsa, amma ba ta taɓa kiran ɗaya da lamba ba. Akwai Dogo, akwai Gajere, akwai Akwatin Gawa, akwai kuma wanda take kira Harold, sunan tsohon mijinta, don faɗi gare shi amma ba ya ɗaukar nauyi. Kallo ɗaya take yi wa kaya ta miƙa hannu baya ta zaro wanda ya dace, ko waiwaye babu. Ta cusa takarda, ta ja salatif ƙiiit, ta ɗaga kwalin zuwa kunne ta girgiza sau biyu. In ya yi motsi a ciki, ta farke ta sake.

'Yar mai haƙar kwal ce daga tsaunukan West Virginia, ta zo Ohio tana da shekara goma sha tara ba ta koma ba. 'Ya'yanta biyu sun daina karɓar kyautar Kirsimeti daga hannunta in babu wuƙa a kusa, saboda yadda take liƙe ta da salatif. Yanzu shekararta hamsin da takwas, tana da ciwon suga, kuma inshorar da ke saya mata magani a jikin aikin nan take. Ranar da teburin ya tafi, da maganin zai tafi.

A siton nan, in aka ga donot, soyayyen burodin nan mai zaƙi, ranar da ba Juma'a ba, to akwai magana. Wata Talata Dwight Oberholzer, wanda ya gaji kamfanin daga ubansa, ya shigo da kwali biyu na donot. Ya yi bayani mai tsawo. Kamfanonin dako, in ji shi, girman kwali suke cajin mutum ba nauyi kaɗai ba, don haka shekara da shekaru suna biya a kai wa mutanen Texas iskar Ohio. Ya samo inji mai auna kaya da haske, ya yanka kwali daidai jikinsu, ya naɗe, ya liƙe, duk cikin daƙiƙa bakwai. Za a gwada shi wata guda. In ya yi, za a kwashe tebura daga na uku zuwa na shida.

Glenda ta haɗiye abin da ke bakinta tukun.

"Dwight, na huɗu yana tsakanin uku da shida?"

"Yana ciki, Glenda."

"Tambaya na yi kawai."

Injin ya zo, tsawonsa kamar motar bas. Kuma ya iya aiki. Marisol ta teburi na biyar, wadda bakinta ba ya hutu, ta sa masa suna Sabon Miji, wai ba ya gajiya kuma ba ya musu. Glenda ba ta yi dariya ba. Lokacin cin abinci takan zagaya ƙarshen bel ɗin da ke jan kaya ta cikin injin ta ɗauki kwalin da ya haɗa ta girgiza. Shiru. Ta ɗauki wani. Shiru. Mako biyu tana haka, har ta fara tsayawa gaban allon neman ma'aikata a kanti in ta je sayen madara.

A mako na uku wani mai sayar da kayan girki ya yi garaɓasa: duk wanda ya sayi kaskon baƙin ƙarfe za a ba shi kofin tangaran kyauta. Oda ɗari shida ta shigo. Masu ɗora kaya a bel suka riƙa kwantar da kofin cikin kaskon, injin ya auna, ya yanka kwali ɗamɗam, ko wurin cusa takarda babu. Glenda ta je ta gaya wa Dwight ƙarfe da tangaran ba sa tafiya kwali ɗaya. Ya ce masu injin sun tabbatar masa abin da ya matsu ba ya fashewa. Ta ce to. Sau ɗaya take faɗin magana.

Ranar Litinin hotunan fasassun kofuna suka fara shigowa daga masu saye. Marisol ta leƙa wayar Dwight ta ce ai mutane ba su da godiya, sun sayi kasko an ƙara musu da tsakuwa.

Wakilin masu injin ya zo sanye da riga mai tsabta ya ce injin bai yi laifi ba. Tsawo ya sani, da faɗi, da tudu. Bai san gilashi ba, bai san ƙarfe ba, bai san abin da ke zuba in an kwantar da shi ba. Sai an rubuta masa a kwamfuta, kaya bayan kaya. Ya tambaya iri nawa ne a siton, aka ce dubu huɗu da ɗari biyu. Ya tambaya a ina aka rubuta halin kowanne. Daga can ƙarshen sito ana jin ƙarar salatif ɗin Glenda.

Da rana Dwight ya zo teburi na huɗu ya tsaya yana gyara kwalayen da ba su karkace ba. Ya ce teburan dai za su tafi, Marisol za ta koma bakin bel, amma ita Glenda akwai kujera da kwamfuta a ofis.

"Kujera," in ji Glenda. "Inshorar fa?"

"Tana nan yadda take."

"In na gama rubuta dubu huɗun?"

"Ai kowane mako sababbin kaya na shigowa."

"Ubanka da kansa zai zo ya ce ya yi kuskure."

"Na yi kuskure, Glenda."

"Ban ce ka faɗa ba."

Ranar Laraba aka kwashe teburan, ba ta fito kallo ba. Tana ofis, tabarau a bakin hanci, tana buga rubutu da yatsu biyu. Kowane kaya sai an kawo mata ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, wani ma ta shinshina, kafin ta rubuta ko a tsaye zai tafi, da wa zai iya haɗa kwali, takarda nawa yake so. Talatin take yi a rana. Kujerar tana sa mata ciwon baya.

Bayan wata guda Dwight ya leƙo ya tambaya cikin ladabi ko za ta iya ƙara sauri.

Ta ce za ta iya. Ta sunkuya tana neman harafi na gaba.