Matar da Aka Zaunar Cikin Duhu

Kakata Hannatu, wadda duk ƙauyenmu na gefen Wad Haddad a Sudan ke kira Habboba, ta yi shekara arba'in tana karɓar haihuwa. Kafin nan tsintar auduga take yi a gonakin mutane. Larabcinta na kasuwa ne. Ya ishe ta ta yi ciniki a kasuwar Rufa'a har ta ƙure mai awo, amma Larabcin talabijin mai ƙwalisa ba ta tsintar komai a ciki. Mukan tsokane ta, ita kuwa ko a jikinta, kallon talabijin take yi kamar mai tsince tsakuwa a dawa.

Ƙanwata Ramla ta haifi ɗanta na fari, Mahmudu. Wata biyu da haihuwa ta tsiri cewa nononta tsinkakke ne, ba ya ƙosar da yaro, alhali babu wanda ya gaya mata haka. Ta sa mijinta ya sayo madarar gwangwani, tana damawa da ruwan randa da ake ɗebowa daga magudanar gonaki. Cikin mako uku yaron ya fara zawo, maɗigarsa ta faɗa, nonon kuma ya soma ƙafewa. Gaskiya na tsorata.

Habboba ta kai shi asibiti da kanta. Da suka dawo ba ta yi faɗa ba, ita da bakinta ba ya shiru. Da la'asar ta zauna gaban talabijin tana jira, har tallan madarar ya zo.

"Ramla, kashe muryar abin ga," in ji ta. "Zamna ki duba da ido."

Ramla ta kashe. Da kiɗan ya ɗauke, sai tallan ya zama tsirara. Matar da ke shayarwa tana zaune ita kaɗai a ɗaki mai duhu, mayafinta a yamutse, jinjirinta yana tsala kuka. Mai gwangwani kuwa tagarta a buɗe, mijinta na gefe yana murmushi, ga wani mai farar riga yana gyaɗa kai.

"Wanga ya ce shi diktor ne?" Habboba ta tambaya.

"A'a, bai ce ba."

"Mahaucin kasuwar Makwar ma farar riga garai. To dubi ɗan da ka shan gwangwani. Wuyanai ya tsaya, zamne yake da kainai. Wanga ya yi wata takwas, wallahi. Na duhun ko bai kai biyu ba. Sun jera su don ki auna naki da babban."

Mun kalli tallan nan ya fi sau ɗari, mu masu jin Larabci, babu wanda ya lura.

"Amma ya Habboba," in ji Ramla, "sun rubuta a ƙasa nono shi ya fi."

"Sun rubuta da ƙanana, sun gwada da manya."

Sai hawaye suka zubo wa Ramla. Ta ce kullum in ta ga matar duhun nan kanta take gani, kuma ta ɗauka ita ce ta gano gazawarta da kanta.

Daga ranar Habboba ta tare a ɗakin Ramla. Kunun hulba safe da yamma, yaro a ƙirji ko da ruwan nono ko babu. Mahmudu ya yi ta cizon nono yana sakewa da kuka, Ramla ta ce a mayar masa da gwangwani, tsohuwa ta ce ta san abin da take yi.

A kwana na tara mata sun zo dubiya, ana shan shayi a tsakar gida. Yaron ya yi ɗan kuka daga ɗaki, sai gaban rigar Ramla ya jiƙe sharkaf da nono. Wata ta miƙo mata mayafi ta rufe. Ramla ta ture shi, ta ce a bari kowa ya gani.