Gadar Baba Ɗanliti

A unguwarmu ta Zangouettin, wadda muke kira Zongo, babu wanda bai san Baba Ɗanliti magini ba, kuma babu wanda labarin gadarsa bai isa ba. Ni da muka yi shekara talatin katanga ɗaya, na ji shi ya fi a ƙirga.

Yana ɗan shekara ashirin aka ɗauke shi aikin wata gada a ƙauye, kan tsohuwar hanyar kudu da iyayenmu suke bi da goro. Gadar kankare ce mai baka ɗaya, ba ginshiƙi a tsakiya. Suka kafa katako a lanƙwashe, suka riƙa zuba kankare daga gefe biyu lokaci guda har ya haɗu a sama, suka yi wata guda suna ba shi ruwa. Ranar cire katakon kowa ya ja baya. Shi kuwa ya shiga ƙarƙashi ya tsaya, wai abin kunya ne magini ya guji aikin hannunsa.

"Ita ke riƙe da kanta," haka yake cewa. "Nauyi in ya hau, gefe da gefe yake sauka."

Da rusau ya zo Zongo, katafila ta kwashe duk gidajen da ya gina, har nasa. Aka watsa mu bayan gari. Matarsa ta rasu, idonsa ya tafi. Gadar nan kaɗai ta rage masa, ya dage sai ya taɓa ta kafin ya mutu. Bara da rani ni da 'yarsa Su'ada muka kai shi.

Rafin ya ƙafe. Daga nesa na hango abin da aka yi, Su'ada ma ta gani. Baba Ɗanliti ya sauka cikin rafin yana shafa bangon gadar yana murmushi, ya saki hannuna ya nufi tsakiya inda ya taɓa tsayawa. Sai ya yi karo da ginshiƙin bulo.

Ya laluba shi daga ƙasa har inda hannunsa ya kai.

"Su'ada, mene ne wannan?"

"Baba, tokara ce. Ga alama sun ga ta tsufa."

"Wa ya ce musu tana buƙata? Yanzu mota in ta hau, nan za ta dake ta, nan za ta tsage. Ɗaga kai ki duba mini."

Ta ɗaga kai. Tsagar tana nan a saman ginshiƙin, yatsa zai shiga. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da kyakkyawar niyya aka yi ɓarnar.

"Babu komai, Baba," ta ce.

 Sai ya miƙo mini hannu.

"Fitar da Su'ada daga ƙarƙashin nan," ya ce. "Ni ma ku fitar da ni."