Ranar da ta fito ta bayana

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a wani shagon kayan miya a unguwar Chow Kit, a ƙasar da na zo ci-rani ba, mahaifiyata ta roƙe ni abu ɗaya. An ce mata a ƙasar nan rana daga cikin teku take fitowa. Ba ta taɓa ganin teku ba, idonta kuma ya fara rauni, sai ta ce in ɗauko mata hoton tun tana iya gani.

Lokacin ban iya karatun boko ba, ko sunan tasha sai abokina ya karanta min. Na matsa masa ya raka ni Port Dickson, wani gari a bakin teku, muka kwana can. Da asuba na ga alƙibla tana fuskantar ruwa, na ce shi ke nan, don a gida inda muke kallo mu yi salla nan rana take ɓullowa. Na saita waya ina jira. Gari ya waye tas, teku shiru. Sai na ji ɗumi a ƙeyata.

Abokina ya yi dariya har ya zauna a yashi. "Mai hoto, juya mana. Baƙuwar taka ta ƙofar baya ta shigo."

Wani ɗalibin jami'a da ke sayen yaji a wurinmu ne ya warware min. Ya ce a nan Makka tana yamma, in ina son ganin fitowar rana daga teku sai na tsallaka ɗaya gaɓar, ta gabas. Ya nuna min taswira, ya lura ina gyaɗa kai ne kawai. Bai kunyata ni ba, ya ce in riƙa zuwa wurinsa a titin Jalan Semarak duk Lahadi da littafi da fensir, ya koya min karatu.

Na ƙudura ba mai raka ni karo na biyu. Kullum Inna ta kira sai in ce ta ƙara haƙuri, haka na daure wata bakwai ina koyo. Ran da na tsaya a tasha na haɗa haruffan Kuantan, garin da ke gaɓar gabas, ɗaya bayan ɗaya, ban tambayi kowa ba.

Washegari rana ta fito, ja wur, daga cikin ruwa. Na ɗauka, na rubuta a ƙasa, "Inna, ga ranarki," na tura wayar ƙanwata.

Da Inna ta kira, ta ce ta ga jan, ta ga ruwan. Sannan ta tambayi wanda ya rubuta min.

"Ni ne, Inna."

Sai na ji tana ce wa ƙanwata ta sake karanta mata.

Hoton a karkace yake, har yatsana ya leƙo ta gefe. Na ɗauki waɗanda suka fi shi kyau daga baya, amma shi kaɗai na wanke na sa a gilashi.