Kitsen Ragon Layya Ya Kusa Ƙone Mana Gida

Ɗazu ɗana Sani yana gasa naman layya a saman benenmu a unguwar Nakkasa, nan Makka. Na ce ya cire kitsen, ya ce nan daɗin yake.

Kitse ya zuba kan garwashi, wuta ta tashi ta kama shanyar maƙwabciyata, Hajiya Rabi.

Zan kira 'yan kwana-kwana, ta riƙe min hannu.

"Maman Sani, rufa min asiri. Ba ni da igama, takardar izinin zama, kama ni za a yi."

"Hajiya, kayanki fa ke ci."

"Su cinye."

Da jiƙaƙƙen bargo muka kashe wutar.

Taurin kan ɗana ya kusa raba baiwar Allah da Makka. Ku da za ku kira, ko ku ajiye wayar?