Farin Yashin Sarjan Kailu

Kailu bai taɓa zama sarjan ba. Albasa ya yi ta yanka wa sojan Faransa shekara uku a tsibirin Madagaska. Amma da ya dawo Tudun Ango, ƙauyensu da ke arewa da Filinge, sai ya iso da takalmi mai ƙara da gwangwanin taba cike da farin yashi, to wa zai tsaya duba kafaɗarsa? Aka ce Sarjan, shi kuma ya amsa.

Yashin kuwa abin kallo ne. A ƙasarsu ta Kurfai yashi ba baƙo ba ne, har a tuwo ana tauna shi, sai dai ja ne mai kaushi. Na Kailu fari fat, laushi kamar garin gero da aka tankaɗe sau biyu. Yakan zauna gindin gawo ya buɗe gwangwanin kaɗan, ya ba da labarin ruwan da ke kwance kan yashin nan, kore shar, garai-garai, har mutum na ganin yatsun ƙafarsa a ƙasa. In an tambaye shi me ya sa can haka, nan kuwa haka, sai ya rufe gwangwani ya ce abin yana da zurfi. Da wannan zurfin ya sami tabarma kusa da ta mai gari, da shi kuma ya auri Habsatu.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, wani ɗan jam'iyya ya zo daga Filinge, ya ari gwangwanin ya ɗaga sama, ya ce nan da shekara biyar haka kwarin ƙauyen zai koma. Aka yi tafi. Mutumin ya ci kaji biyu ya tafi, ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Sai fari ya zo. Damina biyu gero bai kai gwiwa ba, a ta uku rijiyar gari ta ƙafe. Tambara, uwar 'yan bori, ta ce yashin Sarjan ya san hanyar ruwa, a zuba shi a rijiya, a yanka bijimin da ya rage, a jira kwana bakwai ba mai taɓa ƙasa. Liman, wanda ko kan ranar kasuwa ba su taɓa shiryawa da ita ba, ya ce ai ƙasa mai tsarki ce, shi ma zai tofa addu'a. Kai, ranar gari ya ga haɗin kai!

Garba mai haƙar rijiya ne kaɗai ya ɓata musu. Ya ce ruwa na nan ƙasa, gaba huɗu ko biyar, amma mutanensa ba za su haƙa da yunwa ba. A ba su bijimin su fara gobe, in ba haka ba ya naɗe igiyarsa ya yi kudu. Kuma kowa ya san in Garba ya tafi, garin ya tashi.

Kailu ya koma gida. Shi fa ya san abin da ke cikin gwangwanin, wani masunci ya faɗa masa tun can. Shekara ashirin da biyar yana zaune kan maganar, saboda yana son tabarmarsa, yana son a ce Sarjan. Habsatu na kankare gindin randa da ludayi, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Maigida, in yashinka na kiran ruwa, ai da randata ya fara. Kusa da ita yake kwana."

Da hantsi gari ya taru a bakin rijiya, an ɗaure bijimi, an wasa wuƙa. Aka miƙa wa Kailu hannu a karɓi yashin. Ya riƙe gwangwani gam, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Jama'a, kashin kifi ne," in ji shi.

Ya yi bayani. Akwai wani kifi mai baki irin na aku, yana gurgurar farin dutsen da ke tsiro ƙarƙashin teku, abin da ya fitar ta baya shi ne wannan laushin da suke shafawa a goshi. Ruwan kuma ya yi garai ne don ba kogin da ke kawo masa laka, koren kuwa rana ce ke dukan farin yashi a wurin da ba zurfi. Ba ya shayuwa, gishiri ne zalla. Mutanen gaɓar da ya sani, ruwan sama suke tarawa a ganga, su ma da ƙishirwarsu.

Liman ya duba tafin hannunsa, wanda ya sha shafa yashin kafin ya shafa fuska. Mai gari ya tuna ɗan tsunkulen da ya taɓa jiƙa wa uwarsa ta sha don ciwon baya. Tambara ta tofar da yawu ta juya. Ba wanda ya zagi Kailu, tabarmarsa kawai aka naɗe.

Aka ba Garba bijimi. Kwana tara suna haƙa, a na goma guga ya fito da ruwa baƙi ƙirin, mai warin laka, mata suka yi ta guɗa. Tudun Ango bai tashi ba. Bayan wata guda wani babba ya zo da mota, ya yi jawabi da Faransanci kan ƙoƙarin hukuma, ya sha ruwan da ya zo da shi a kwalba.

Kailu ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, yana bin layin rijiya da tulun Habsatu, ba mai matsa masa. Rijiyar har yau sunan Garba take ci. Jikokin Kailu kuwa, in sun je kasuwar Filinge aka tambaye su 'yan wane gida ne, sai su sunkuyar da kai su ce gidan Kashin Kifi, don in sun ce Kailu ba mai ganewa.